An Yi Mata Rigakafi

Shafi na 31

Masu turo min saƙo tun da safe wai na bar ku a tsaye, ku samu wuri ku zauna. Wadda kuma ta ce idan ban saki shafin nan yau ba za ta biyo ni har gida, ki zo, akwai wanki.

*

Ranar nan Lauya ta dawo gida da wuri, abin da ba ta saba ba. Darakta da kansa ya kore ta daga ofis, ya ce ta je ta hutar da muryarta, domin gobe ita za ta tsaya gaban kwamitin lafiya na majalisa ta kare ƙudirin dokar rigakafin yara. Shekarun da ta yi a sashen shari'a na ma'aikatar lafiya duk a kan ƙudirin nan suka ƙare. Ita ta rubuta, ita ta goge, ita ta sake rubutawa, har abokan aiki suka koma kiran sa ɗanta na fari.

Hutun da aka ce ta yi kuwa, a tsaye ta yi shi. Ta tuɓe takalmi a ƙofar falo, ta baza takardu a kan teburin cin abinci, ta shiga kai da kawowa tana yi wa labule jawabi.

"Sashe na biyu, ma'anar kalmomi," ta ce wa labulen. "A cikin wannan doka, rigakafi na nufin allura ko ɗigon baki da hukumar lafiya ta amince da shi."

Labule bai yi gardama ba. Da haka 'yan majalisa suke, da tuni an wuce wurin.

Sashe na tara ne mai hana ta barci. Shi ya ce duk mai kula da yaro da ya hana a yi masa rigakafi da gangan, za a kai shi gaban kotu. A kansa aka zage ta a rediyo. A kansa wani ɗan majalisa ya tambaye ta makon jiya, a gaban 'yan jarida, ko ita tata 'yar an yi mata. Ta dube shi ido cikin ido ta ce babu ko ɗaya da ya wuce 'yarta. Maganar ta zaga gari, har Darakta ya ce gobe ma da ita za ta buɗe jawabi.

'Yar da ake magana a kanta tana ƙarƙashin teburin a lokacin. Tsigi ke nan, shekararta huɗu, ƙanƙantar jiki ce ta jawo mata sunan, bakin kuwa na manya ne. Ta jera 'yan tsanarta a jikin ƙafar kujera, tana bin su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin cokali.

Lauya ta sunkuya ta leƙa.

"Ke kuma me ake yi a nan ƙasa?"

"Rigakafi nake yi musu."

"Iye, ashe da likita a gidanmu. To ina allurar?"

Tsigi ta yi mata irin kallon da ake yi wa wanda bai san komai ba.

"Mami, ai rigakafi ba da allura ake yi ba."

"Da me ake yi?"

"Da cokali. Zuma kaɗan, sai a yi addu'a a shafa a ka, sai a ce Allah Ya tsare. Shi ke nan, an yi."

Lauya ta yi dariya, ta miƙe za ta koma wa labulenta. Sai ta ga yarinyar ta tattara 'yan tsanar da sauri ta lulluɓe su da ɗankwali, ta ɗora yatsa a baki.

"Yi shiru, Mami. Masu akwati sun zo."

"Su wane ne masu akwati?"

"Masu akwati mai sanyi. Idan sun buga ƙofa, ni da Kaka sai mu shiga ɗaki mu yi shiru. Wanda ya fara magana ya faɗi. Kullum ni ke cinyewa."

Lauya ta daina dariya. Ta durƙusa sosai har gwiwarta ta taɓa ƙasa.

"Masu ɗiga wa yara magani a baki?"

"Su. Kaka ta ce ba wurinmu suka zo ba, mu an riga an yi mana."

"Ba su taɓa ɗiga miki ba?"

Tsigi ta girgiza kai, tana alfahari.

"Ai ba su taɓa kama mu ba."

Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya: Tsigi na da 'yan makonni a duniya Lauya ta samu gurbin karatun dokokin kiwon lafiya a ƙasar waje, irin damar da ba ta zuwa sau biyu. Mijinta injiniya ne, aikinsa na can nesa, sai ya yi watanni bai leƙo gida ba. Mahaifiyarta Mama, wadda Tsigi ke kira Kaka, ita ta ce ta tafi, ta karɓi jaririyar ta goya. Alluran ranar haihuwa a gaban Lauya aka yi su a asibiti, sauran kuwa a waya ta bi su. Duk lokacin da ta san wata allurar ta kama sai ta kira ta ce, "Mama, an yi mata rigakafin?" Mama ta ce, "An yi." Da ta dawo ta faɗa aiki, tambayar ba ta canza ba, amsar ma haka. Matar da ba ta karɓar magana a ofis sai da hujja, ba ta taɓa cewa uwarta ta nuna mata katin asibitin yarinyar ba.

*

Mama na ɗakinta tana ninke kayan Tsigi da aka kwaso daga igiya. Rediyonta na gefen filo yana magana ƙasa-ƙasa kamar kullum. Ta ɗago ta kalli 'yarta sau ɗaya, ta ci gaba da ninki.

"Yau kuma da fuskar kotu aka shigo min."

Lauya ta tura ƙofa ta rufe, ta zauna a bakin gado.

"Mama, tambaya zan yi miki."

"Ai aikinki ne."

"An yi wa Tsigi rigakafi?"

"An yi."

Ko ɗar babu a muryar. Lauya ta sauya tambayar.

"An yi mata allura?"

Hannun Mama ya tsaya a kan wata 'yar riga mai ruwan ƙwai. Ta shafe ta, ta daidaita wuyan, ta ɗora a kan sauran.

"Yau kika yi tambayar daidai," ta ce.

"Ko ɗaya?"

"Ban da na ranar da aka haife ta, ko ɗaya."

"Ta ƙyanda fa? Ɗigon shan inna fa?"

"Na ce miki ko ɗaya."

Lauya ta dubi uwarta. Ba ta ɗaga murya ba, a gidansu ba a ɗaga wa Mama murya, kuma ko da ana yi, yau ba ta da ƙarfin.

"Shekara huɗu kina yi min ƙarya."

"Kul. Ki iya bakinki. Ban taɓa yi miki ƙarya ba. Rigakafi kika tambaya, rigakafi kuma na yi mata, safe da yamma, ban taɓa tsallake rana ba. Tun kafin a haifi mai allurar ake cewa rigakafi. Kin taɓa cewa allura na ce miki an yi?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Na sani."

"To?"

"To na amsa abin da bakinki ya faɗa, na bar abin da ranki ke nufi. Ba haka kuke yi a kotun ba?"

Haka suke yi kuwa. Lauya ta tuna yadda ta ɓata makonni tana rigima da likitocin ma'aikata a kan fassarar wannan kalma guda, don kada wani mai wayo ya samu ƙofar zillewa. Ta toshe wa duk ƙasar ƙofar, ta bar ta a buɗe a ɗakin da ke kusa da nata. Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta kunya, kunyar ma ta fi yawa.

Mama ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

"Kada ki ɗauka ina jin na yi dabara. Ɓuya na yi a bayan kalmar, na kuma san ɓuya nake yi. Duk ranar da na ce miki an yi, sai na ajiye wayar na zauna kamar wadda ta yi sata."

"To me ya sa, Mama? Ke da kika kai ni aka yi min duka. Ga tabon nan a hannuna."

"Na kai ki. Na kai ƙaninki ma."

Ba a ambaton ƙanin nan a gidan. Lauya tana ƙarama ya rasu, abin da take tunawa kawai shi ne yana da dariya mai ƙarfi, kuma yana son jan kunnenta.

"Da safe na goya shi yana wasa da ɗankwalina," in ji Mama. "Aka yi masa, ya yi ɗan kuka ya yi shiru. Na saya masa lemo a hanya. Kafin mako ya zagayo mun rufe shi."

"Mama, sanƙarau ne. Baba ya gaya min. Cutar ce ta shigo unguwa a lokacin, yara da yawa suka tafi, har da waɗanda ba a taɓa yi wa komai ba. Allurar da aka yi masa ba ruwanta."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Likita ya gaya wa babanki a tsaye a baranda, babanki ya gaya min a hanya. Ni ba wanda ya kalle ni, balle ya zaunar da ni. Na yarda, ban ce sun yi ƙarya ba. Kaina ya yarda tuntuni. Ƙafata ce ta ƙi."

Ta ɗauki wani ɗan wando, ta riƙe ba ta ninke ba.

"Kina tsammani ban gwada ba? Na sha goya Tsigi na tafi har ƙofar asibitin nan na unguwa. Sai na ji kukan yara daga ciki, sai na ji nauyinta a bayana daidai da nasa. Sai in ga na juyo. In ce gobe. Kuma ga ki can wata ƙasa kina karatu, in ce miki me? In ce amanar da kika ba ni ina tsoron kai ta inda na kai nawa?"

Lauya ta sunkuyar da kai. Ta shigo da fushi cike da ciki, yanzu ta rasa inda za ta ajiye shi. Tausayin uwarta ya kama ta, tsoro kuma bai sake ta ba.

"Mama, ƙyanda na gari. Makarantar da ke bayan kasuwa an rufe ta saboda ita."

"Na ji. Rediyon nan ba ado ba ne."

"Kin ji ni ina ce wa ɗan majalisa babu ko ɗaya da ya wuce 'yata."

"Na ji."

"Ba ki ce min komai ba."

"Na biyo ki ɗaki ranar. Kika ce kin gaji, in bari sai da safe. Da safe kuma kafin in idar da salla kin fita."

Gaskiya ne, Lauya ta tuna. Ta ma tuna cewa ko juyowa ba ta yi ba, idonta na kan kwamfuta.

*

Ta fito falo ta tsaya a kan takardunta. Tsigi ta gama yi wa 'yan tsana rigakafi, ta koma yi musu wanka da busasshen soso.

Matsalar a fili take, kuma Lauya ta fi kowa saninta. Ƙudirin bai zama doka ba tukuna, amma tun bara ma'aikata ta fitar da umarni ga duk asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu: duk yaron da aka kawo ya wuce shekara ba a yi masa alluransa ba, a yi masa, sannan a tura rahoto da sunan wanda ya hana. Rahoton kuma sashen shari'a yake zuwa, ofishinta ke nan. Ita ta rubuta umarnin. Ita ta dage a kan suna ɗaya tak za a saka, don kada 'yan gida su riƙa tura wa juna laifi.

Idan aka saka sunan Mama, ta miƙa uwarta ga sashe na tara da hannunta. Idan aka saka nata, gobe ba ta da bakin tsayawa gaban kwamiti, aikin shekaru kuma ya bi ruwa.

Akwai hanya ta uku, kuma kada ku ɗauka ba ta hango ta ba. Tana da ƙawa likita da za ta iya zuwa da alluran a jaka, a yi a ɗaki, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ko kuma a bari sai jibi, bayan an tashi daga majalisa. Ta ɗauki waya, ta nemo lambar ƙawar, ta tsaya tana kallonta. Ita Lauyar ce fa ta taɓa buga tebur a taro ta ce dokar da manya ke da ƙofar baya a cikinta ba doka ba ce. Ranar har tafa mata aka yi.

Tsigi ta yi atishawa a ƙarƙashin tebur, atishawar ƙura kawai, amma sai da gaban Lauya ya faɗi.

Ta ajiye wayar.

"Tsigi, ɗauko takalminki."

"Ina za mu?"

"Rigakafi."

"Ai Kaka ta yi min da safe."

"Wannan wani iri ne."

Tana ɗaura wa yarinyar takalmi ta ji motsi a bayanta. Mama ce tsaye da mayafi a kafaɗa.

"Ba sai kin je ba, Mama."

"Ni na hana, ni zan raka."

*

Asibitin unguwa ba nisa, da ƙafa suka tafi. Suka wuce shagon tela, suka wuce mai gyaran babur da ya baje kayansa har rabin titi. Tsigi na tsakiya, hannu ɗaya a na uwarta, ɗaya a na kakarta, tana lilo duk inda ta ga rami.

A bakin ƙofar asibitin akwai wata bishiya da benci a gindinta. Nan Mama ta ja ta tsaya.

"Iyakata ke nan," ta ce a hankali. "Bencin nan ya san ni."

Daga ciki wani jariri ya tsala kuka. Lauya ta ga yadda yatsun Mama suka damƙe bakin mayafi. Duk hujjojin da ta tara na gobe, babu wadda za ta yi aiki a gindin bishiyar nan.

Tsigi ce ta gaji da tsayuwa. Ta ja hannun kakarta.

"Kaka, zo mana. Tsoro kike ji?"

"Eh, tsoro nake ji."

"To riƙe ni."

Mama ta dubi yarinyar, ta dubi ƙofar. Ta yi bisimilla ta ɗaga ƙafa.

Ciki ba cunkoso, yamma ta yi, yawancin mata sun tafi. Benci biyu, ma'aunin jarirai a rataye, firij na gurnani a lungu. A bango akwai babbar takarda mai hoton uwa da ɗa, an rubuta a ƙasa cewa kowane yaro na da haƙƙin rigakafi. Lauya ta kawar da kai, don ita ta zaɓi kalmomin.

Nas ɗin da ke aiki mace ce mai jiki, mai sanyin magana, da tabarau a saman goshi. Tana ganin Lauya ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ke ce da kanki? Ai muna jin ki a rediyo. Sannu da zuwa, Mama."

Mama ta amsa ba ta ɗago ba.

Lauya ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce 'yarta ce, shekararta huɗu, ban da na ranar haihuwa ba a yi mata komai ba. Ta jira ta ga fuskar Nas ta canza. Ba ta canza ba. Nas ta sauko da tabarau, ta taɓa goshin Tsigi, ta leƙa bakinta, ta tambaya ko tana zazzaɓi ko tari.

"Ba a makara ba," ta ce. "Yau za mu fara da abin da ya fi gaggawa, sauran mu bi su a hankali, zan gaya miki ranakun. Wa zai riƙe ta?"

Lauya ta matso, amma Mama ta riga ta zauna a kujera, ta ɗora Tsigi a cinya, ta rungume ta ta baya.

Aka ɗiga mata na baki, ta yamutsa fuska. Da allura ta shiga ta tsala ihu guda, mai kyau, irin wanda ake ji har titi. Mama ta rufe ido, leɓenta na motsi, hawaye na bin kumatunta, amma hannunta bai saki ba. Lauya ta tsaya tana kallon su biyun, ba ta san wadda za ta fara rarrashi ba.

Kukan bai daɗe ba. Tsigi ta ja majina, ta duba hannunta, ta harari Nas.

"Wannan rigakafin ba daɗi. Na Kaka ya fi."

Nas ta yi dariya, Mama ma ta yi, da hawayen da komai.

"Idan jikinta ya yi ɗan ɗumi anjima, ba komai ba ne, Mama," in ji Nas, ta jawo kujera ta zauna daidai gabanta. "Haka yake yi wa wasu yara, ya wuce. Idan kuma kin ga abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki dawo, ko me dare. Ni zan duba ta da kaina."

Mama ta daɗe tana kallon ta, sannan ta gyaɗa kai.

Saura abu ɗaya, kuma Lauya ba ta jira a tuna mata ba. Ta riga ta yanke shawara tun a hanya, wajen shagon tela.

"Sai rahoto," ta ce. "Na san umarnin. Ki buɗe, ki saka sunana."

Mama ta ɗago da sauri.

"Ke, ba ke kika..."

"Ni ce uwarta, Mama. Ni ya kamata in kawo ta, ban kawo ta ba, ban kuma duba ba. Nas, sunana za ki saka."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta san abin da ta ajiye da wannan magana, ta kuma ji zafinsa har cikin ƙashi, amma ta ji numfashinta ya daidaita a karon farko tun da ta leƙa ƙarƙashin tebur.

Nas ba ta kai hannu ga kwamfutar da ke gabanta ba. Ta dubi Mama, ta dubi Lauya, ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ranki ya daɗe, ai rahoton yarinyar nan ya riga ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ma'aikata. Tun makon jiya."

"Wa ya tura? Yau kika fara ganin ta."

"Yarinyar, yau na fara ganin ta." Nas ta juya ga Mama. "Mama, ki yi haƙuri, ba zan iya ɓoye mata ba. Washegarin ranar da aka yi hira da ke a rediyo, Mama ta aiko a kira ni can gindin bishiya. Ita kaɗai ta zo. Ta ce akwai jikarta da ba a yi wa allura ba, ita ta hana, in rubuta sunanta tun kafin a ɗora wa wani. Na roƙe ta ta kawo yarinyar, ta ce za ta kawo. Ban san taki ce ba sai da ta faɗi sunan mahaifiya, don akwai gurbinsa a rahoton."

Lauya ta juya a hankali.

"Mama."

Mama ta ƙara rungume Tsigi.

"Na ji kin ce suna ɗaya ake sakawa. Na ce idan na riga na amsa laifin, ke kin fita. Gobe ki tsaya ki yi maganarki, ni su kai ni kotun."

"Kin san inda rahoton yake zuwa?"

"Wurin hukuma."

"Ofishina yake zuwa, Mama. Da sunanki a sama, nawa a ƙasa."

Mama ta yi salati.

A cikin jaka wayar Lauya ta fara ruri. Ta ciro ta. Darakta ne. Ta bar ta ta yi ta kusa tsinkewa kafin ta ɗaga.

"Yallaɓai."

"Lauya, kina zaune ko kina tsaye?" Muryarsa a kwance take, irin kwanciyar da ba ta so. "Shugaban kwamiti ya nemi mu ba shi misali ɗaya daga rahotannin asibitoci, wanda za a karanta gobe a zauren. Mataimakinki ya zaɓo ɗaya, ya riga ya aika. Yanzu kwafin ya iso gabana."

Lauya ta dafa bango.

"Ina ji, Yallaɓai."

"Tsohuwar nan da ta hana a yi wa jikarta allura," ya ce. "Mece ce ita a wurinki?"